Gidaɗo da Tracksuit Mai Sitati

Gidaɗo mutumin Gombe ne. Ya zo Manchester karatun noma a shekarun da gwamnati ke tsuke bakin aljihu, muka haɗa gidan haya ni da shi a unguwar Levenshulme. Akwai fara'a, akwai kuma taurin kai irin wanda mai shi bai san yana da shi ba.

A makonsa na farko ya tsaya a taga yana nazarin titinmu, Stockport Road. Lokacin ƙaramar hukuma ta rufe wurin da matasan unguwa ke taruwa, duk sun dawo bakin shaguna, kowa cikin tracksuit, wato riga da wandon motsa jiki, ga kambas, ga hular hana-salla. Nan take mutumina ya yanke hukunci cewa kayan ƙasar ke nan. A tarbiyyarsu kuwa, baƙo na girmama masu gari ne da sa irin tufafinsu. Ya je ya kwaso kala-kala, ya jiƙa su da sitati, ya fitar musu da karin guga, ya turara su kamar kayan Sallah.

Na yi masa bayani har maƙogwarona ya bushe. Na ce a ƙasar nan da tufafi ake auna mutum, kuma masu irin wannan shiga chav ake ce musu, kalmar raini ga 'ya'yan talakawa. Ya ce ai shi ma ɗan talaka ne, ina laifin? Masu gadin kanti suka riƙa bin sa a baya, shi kuma yana yi musu sannu da aiki, ya ɗauka rakiya ce. Matasan nan kuwa kullum sai ya tsaya ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi lafiyar iyayensu. Da farko sun zaci izgili ne, daga baya suka koma rige-rigen karɓar masa leda. Ni mai kwat da jaka babu wanda ya taɓa sanin sunana, abin har haushi yake ba ni.

Sai ya haɗu da Fusena a wurin wani suna, 'yar Hausawan Ghana mazauna unguwar Handsworth a Birmingham. Gidaɗo ya kamu sosai. Ta gaya masa gaskiya: mahaifinta ya rasu, magana na hannun mahaifiyarta, Mma Saudatu, kuma in ta ce a'a an gama. Matar nan ta ƙarar da ƙarfinta wajen jinyar tsofaffi don kada 'ya'yanta su zama 'yan bakin shago. Ko a igiyar shanyar maƙwabta ta hango tracksuit, sai ta yi tsaki.

Ranar zuwa gaisuwa na roƙe shi ya sa kaftani, ya ce shi ba zai je gidan surukai da tsohon kaya ba. Ya zura sabuwar tracksuit shuɗiya, muka hau mota.

Ana yayyafi muka ƙwanƙwasa. Mma Saudatu ta buɗe ƙofa kaɗan, sarƙar ƙofar na maƙale, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce da Turanci ba ta sayen komai. Fusena na bayanta ta dafe kai. Ni dai na riga na fara tuna lokacin motar komawa.

Gidaɗo ya tuɓe kambas ɗinsa a jiƙaƙƙen dandamalin ƙofar, ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa.

"Mma, barka da yini. Mun same ku lafiya? Ya gajiyar aiki? Ya ƙarin haƙurinmu na Baba? Allah Ya jiƙansa da rahama."

Bai ɗago ba, ya ci gaba da jero gaisuwa, ruwa na bin ƙeyarsa. Daga baya Fusena ta ce mana tun da uwarta ta baro Kumasi ba wanda ya taɓa durƙusa mata haka, har 'ya'yan cikinta. Na ga idon tsohuwar ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo, don daɗi ya kama ni.

Muka ji ƙarar zare sarƙa. Ta miƙo hannu ta kama kafaɗarsa.

"Tashi, ɗana," in ji ta. "Za ka ɓata wandon."