Hanyar Bayan Tashar Jirgi

Mijina direba ne, kuma ya sha giya har ta kusa shanye shi. Ba tonon asiri nake yi ba, shi da bakinsa ya sha faɗa a gaban jama'a a coci. A Ƙauran Namoda an hana sayar da ita tuntuni, amma akwai wani gida a bayan tashar jirgin ƙasa wanda, ga alama, labarin dokar bai taɓa isa ƙofarsa ba.

Motar da yake ja ta wani Alhaji ce mai fataucin hatsi. Yau Dauran, gobe Badarawa, ran kasuwar Shinkafi kuwa sai dai ya shigo mana da yamma furu-furu da ƙaiƙayin gero. Da wannan motar muke ci, da ita yara ke karatu. Ranar da Alhaji ya ji wari a bakinsa, ko murya bai ɗaga ba.

"Direba, ni ban hana ka addininka ba," in ji shi. "Amma in na ƙara jin wanga wari, aje mani makullina."

Addini kuma! Na so in je in tambaye shi wa ya ce masa burukutu na cikin ibadarmu, amma mai motar ne, sai na haɗiye.

Mijina ya daina. Dabararsa ba ta da wani armashi, hanyar tasha kawai ya daina bi. Cocinmu na can gefen, amma ran Lahadi sai mu zagaya ta kasuwa, mu ratsa layin mahauta, mu ɓullo ta baya kamar marasa gaskiya. Yara na ƙorafi, ni ma ina mita, takalmi na cizon ƙafata. Amma damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, mutumin nan ko ɗanɗanawa bai yi ba.

Sai zumuntar maza ta cocinmu ta yi sabon shugaba, wani tela da ya je babban taron addu'a ya dawo da murya a dushe. Tsakani da Allah mutumin kirki ne, yana kuma ƙaunar mijina. Shi ya koya musu yaƙin ruhaniya. Ya ce kowane namiji yana da fagen dagarsa, wani mata ne, wani caca, wani fushi, kuma sai kowa ya faɗi nasa. Da aka zo kan mijina ya ba da labarin zagayen da yake yi, yana tsammanin a tafa masa. Shugaba ya girgiza kai. Ya ce sojan Almasihu ba ya bin lungu, wanda ke zagaye abokin gaba ai ya riga ya bar masa gari.

Mijina ya dawo gida jiki a sanyaye. Na ce masa ya bar su da jarumtarsu, shi ya san abin da hancinsa ke yi masa. Ya ce ni mace ce, ban san sha'anin yaƙi ba. To, ni dai na san wanda ya riƙa ɗauko shi daga bakin kwata.

Suka sa rana, suka ɗauki azumi, suka fita da la'asar cikin ankon zumunta. Tun da yawancinsu ba su san gidan ba, sai aka sa mijina a gaba ya nuna hanya. Na bi su daga nesa, raina a ɓace. Mutumin da ya wuni ba ko ruwa a cikinsa, shi aka tsayar a inda iska ke kwaso ƙamshin tukunya. Suka yi ta zagaya gidan suna ɗaure Shaiɗan ƙasa-ƙasa, don kada maƙwabta su ɗauka rigima ce. Mai gidan, wata dattijuwa, ta leƙo ta ga mijina, ta washe baki.

"Ashe kana gari? Ni na ɗauka ka mutu."

Shugaba ya ce kun ji, maƙiyi ya firgita. Ya sanar cewa an ƙwace hanyar, ya umarci mijina ya riƙa bin ta kullum da kai a sama, don Shaiɗan ya ga an ci shi da yaƙi.

Ya bi kuwa. Lahadin farko ya ba da shaida, aka yi ta Halleluya, har ni na taya. Ban ƙi a ce ni ce na yi kuskure ba, na roƙi Allah ma ya sa haka ne.

Wata ranar mijina ya sauke kaya daga Zurmi da wuri, hantsi ya wuce, azahar ta wuce, shiru. Can sai ga sallama. Alhaji ne da kansa, ya riƙo mijina a kafaɗa, a buge. Ya zaunar da shi a kan tabarma a hankali, ya sa hannu a aljihun mijina ya zaro makullin.

"Uwargida, ki yi haƙuri," ya ce. "Na faɗa mashi."

Na yi kuka ranar, kukan baƙin ciki da na haushi a haɗe. Shugaba ya zo jaje da idonsa jawur, ya ce a yaƙi dole a sami raunuka, za a sake ɗaura ɗamara a koma. Ya ƙara da cewa a sa wasu samari biyu na zumunta cikin addu'a, don an fara ganinsu a bayan tasha. Da ma ba su san hanyar ba sai ranar da aka kai su.

Yanzu mijina lodi yake yi a tashar mota, yana ɗora buhuna a kan motar da yake ja a da. Lahadin da ta biyo baya muka fito, muka iso mararraba, sai na ji ya kama gefen zanena.

"Mu bi ta kasuwa," ya ce, bai dube ni ba.

Yara suka buɗe baki za su yi ƙorafi, na harare su. Muka bi ta layin mahauta, muka iske an fara wa'azi.