Gwangwanin Mai Tarko

Shekara ashirin da biyu Mai Tarko ya yi yana aiki a gidan adana kayan tarihi, kuma ɓera bai taɓa ba shi mamaki ba. Ɓera dai an san shi: ya bar kashi a bayan kabad, ka ɗana masa tarko da ɗan busasshen kifi, da safe ku gaisa. Matarsa takan ce ya fi sanin halin ɓeraye a kan halin surukansa, shi kuwa bai taɓa musantawa ba.

Abin da ya ɗaure masa kai daga wajen Tsohuwa ya ɓullo. Haka yake kiran wani mutum-mutumin itace na mace ɗauke da tulu, a ɗaki na uku. Yana ƙaunarta, ba ya ma ɓoyewa. Ita yake fara gaisarwa kafin darakta. Wasu ƙananan ƙwari ne suka shige ta suna ci daga ciki. Ya saɓo abin feshinsa, sai Malama, sabuwar ƙwararriyar da aka kawo, ta hana, wai maganin zai ɓata fenti. Maimakon haka ta naɗe Tsohuwa a leda ta zura ta a firiza mako biyu, sai ka ce nama, wai sanyi zai kashe ƙwarin. Mai Tarko ya dubi firiza, ya dubi Malama, ya rasa inda zai ajiye wannan ilimi.

Da aka fito da ita, Malama ta shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashinta. Ba ta faɗi dalili ba, shi kuma girma ya hana shi tambayar sa'ar 'yarsa. Kowace Litinin takan leƙo, ta ga takarda fes, ta yi murmushi ta wuce. Shi a zatonsa tsabtarsa take yabawa, don kullum da safe yakan tarar da ɗan gari mai laushi a kan takardar, ya kwashe da buroshi. Bai taɓa zubarwa ba. Tun ranar da ya kama aiki aka ja masa kunne cewa duk abin da ya faɗo daga kayan tarihi, ko ɓarɓashi ne, ajiye shi ake yi. Sai ya riƙa tarawa a gwangwanin madara.

Wata na bakwai gwangwani ya cika. Ya kai wa Malama ofis yana ji da kansa, ya tambayi inda ake adana irin wannan.

"Baba, mene ne wannan?"

"Na Tsohuwa ne, Malama. Ban bar ko ƙwaya ta salwanta ba."

Malama ta zauna a hankali. Ta yi masa bayani cewa takardar shaida ce: in gari ya zubo, ƙwarin na da rai ke nan, kuma da ta ga garin, da tuni an maida Tsohuwa firiza. Ya ji kowace kalma, amma kansa ya ƙi ɗauka. Ya bi doka, ya yi tsabta, to ta ina laifi ya shigo?

Suka tafi ɗaki na uku. Malama ta ɗan ƙwanƙwasa kafaɗar da ke tallafe da tulun, ta yi amo kamar ƙwaryar da ba komai a ciki. Mai Tarko ya matso kusa. Ya miƙa mata gwangwanin da hannu biyu.

"Ai duk yana nan, Malama," ya ce. "Ba za a iya mayar mata ba?"