Gardamar Gosta da Raili

Shekara arba'in da shida Gosta da matarsa Raili suna gardama ɗaya, ba su gaji ba: tsakanin Suwidin da Finlan, wace ta fi daɗin zama? Gidansu na Haparanda, gefen Suwidin. Ta tagar kicin kuwa ana hango Tornio, garin su Raili, a tsallaken kogi.

Shi mutumin kudu ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi. Ga taurin kai kamar me! Da safe, ko kofi bai huce ba za a fara.

"Ku da ba ku iya gaisuwa ba," in ji shi, "sai a wuni da ɗan Finlan bai ce uffan ba."

"Gara mu, tsoho. Ku sai kun kira taro kafin ku sayi tsintsiya. Makarantunmu fa? Burodinmu fa?"

"Wannan baƙin abin? Ai da shi na gyara ƙafar tebur."

Sau nawa ta ce ya koyi yarenta. Ya ce me zai yi da shi, tunda ita ce ta tsallako. Tun tana faɗa har ta haƙura.

Da ciwon mantuwa ya kama Raili, yaren Suwidin ne ya fara zube mata. Yau kalma ɗaya, gobe goma, har ya ƙare ƙaf. Ta koma yaren da aka yi mata goyo da shi. Dole aka kai ta gidan kula da tsofaffi a Tornio, inda za a ji abin da take faɗa.

Kullum Gosta sai ya tako gada da sandarsa, ya zauna gefenta. Ta yi ta zuba, shi kuwa ko ɗaya ba ya kamawa. Ba ta gane shi, ta ɗauka baƙo ne mai kirki. Abin na cin ransa. Ya sayi littafin koyon yaren, amma ina! Kan ɗan shekara tamanin ba ya riƙe sabon abu.

Ran nan ya roƙi Sanni, mai jinyarta, ta yi masa tafinta.

"Kawu, cewa take tana jiran mijinta. Wai suna da magana ba su gama ba."

Gosta ya kama hannun matarsa. "Gaya mata ga ni. Gaya mata ta ci gardama. Finlan ta fi, komai nasu ya fi, har burodin."

Sanni ta faɗa mata. Raili ta dube shi sama da ƙasa, ta yi dariya, ta zare hannunta a hankali. Ta ce wani abu gajere, ta mai da ido kan ƙofa.

"Me ta ce?"

Sanni ta yi jim, ta ƙi haɗa ido da shi.

"Ta ce ba kai ba ne, Kawu. Wai nata mijin ko za a yanka shi ba zai faɗi haka ba."