Abin da Baffa Ya Gani a Majigi

Jiya jikana ya nuna mini fim a wayarsa, na wani saurayi da 'yan ta'adda suka ja. Sai Baffa ya faɗo mini a rai, wan mahaifinmu da ya riƙe mu.

Ina saurayi, masu majigi sun taɓa zuwa garinmu Gwaram da irin wannan labari. Washegari muna gona, ƙasa na ƙamshin ruwan fari, na ce saurayin nan la'ananne ne. Baffa ya fasa goro, ya miƙa wa ƙanena Sani babban ɓarin, kamar kullum.

"Kai ba ka lura ba? Duk garin ba mai ce masa ina kwana, sai waɗanda suka ja shi."

Ban saurara ba, goron Sani nake kallo. Bayan rasuwar Baffa na daina yi wa Sani magana, na hana shi gona. Ya tafi Kano, ya faɗa hannun wasu masu zafin wa'azi, bai dawo ba.

Har yau ina kishinsa, ina kuma jin kunyar hakan. Allah ya haskaka kabarinka, Baffa, ya haɗa ku a inuwa ɗaya, ko da ni daga nesa zan tsaya.