Tun Bayan Malam Sale, Sai Jiran Izini

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Sale makwancinsa a Getso. Shi ne shugabanmu a wata ƙungiya mai kula da lafiyar dabbobi tsakanin Gwarzo da Kabo, ni kuwa ina cikin masu hawa babur su bi rugage da allura. Aminina ne kuma, kwano ɗaya muke ci ran kasuwa.

Ba mutum ne mai sanyi ba. In ka bar magani a rana, faɗan da zai yi maka sai ka gwammace duka. Amma aikinka naka ne. In ka kawo matsala, sai ya cire tabarau ya ce, "Kai da ka taɓa saniyar, me ka gani?" Na taɓa barin zagayen da aka tsara na wuce Mainika, saboda ciwon huhu ya ɓulla a wani garke. Da manya suka yi ƙorafi, ya ce musu shi ya aike ni, alhali sai da na dawo ya ji.

Wanda ya gaje shi a Kano yake zaune, ta waya yake mulki. Ba mugu ba ne. Sai dai ba a buɗe kwalbar magani sai ya amince. Daminar bara wani makiyayi, Ardo Jaɓɓi, ya tare ni a Sabon Birni, shanunsa na tari. Maganin na cikin akwatina. Na kira, aka ce shugaba yana taro. Na yini a gindin kuka ina kallon waya. Kafin izini ya zo, Ardo ya yanka karsanar da ya fi so, gudun kada ta yi mushe. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Malam Isa, da can kai likita ne."

Da Malam Sale zai leƙo, anya zai gane mu? Ɗanlami, wanda ya fi mu iya aiki, ya koma sayar da dusa. Sauranmu mun daina kawo shawara. Matasan da aka ɗauka daga baya, in na ba su labarin Malam Sale, gani suke ƙari nake yi.

Na nemi abin da ya bari a ofishin nan, ban samu ba. Abin yana cikin zukatan mu kaɗan da muka san mutum kan tashi da safe yana ɗokin aikinsa, kuma sanin nan ne yake cin ranmu. Duk mun kusa ritaya. In mun tafi, ba wanda zai ma san an yi asara.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka.