Jakin Kowa da Babur ɗin Kawu

Ko me zan manta a duniya, ban da daminar da jakina ya zama jakin kowa.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba, ga shari'a ta kankama, ko allurar wani ka gani a hanya sai ka tsallake ta. Kawuna, malamin gona a Kaura Namoda, ya dawo daga wani kwas da labarin wasu Yahudawa da suka kafa ƙauyen noma na tarayya. Ya ce da suka fara ba su da komai sai fartanya da fadama mai sauro, amma suka haɗa gona, tukunya, har tufafi, ba mai cewa "nawa". Yau, in ji shi, su ke sayar wa duniya lemu.

Ya tara mutanen ƙauyenmu ya ce, "Mu da muka gaji gayya, mi zai hana mu?"

Muka ce wallahi haka ne. Kowa ya kawo abin da ya mallaka. Ni jaki kaɗai gare ni, da shi nake jido ruwa in ci abinci. Na miƙa shi.

Jama'a! Jakin nan bai ƙara ganin inuwa ba. Wannan ya kai taki, wancan ya ɗebo itace, wani ya haye shi zuwa gaida surukai a Zurmi. Ba mai ba shi dusa, kowa na zaton wani ya ba shi. Haƙarƙarinsa suka fito kamar haƙoran mataji. In na yi magana sai Kawu ya ce, "Kai, cire 'nawa' daga bakinka." Har hawaye na yi a bayan rumbu.

Ranar kasuwar Shinkafi, wani dattijo maƙwabcinmu, wanda bai taɓa tuƙa abin da ya wuce keke ba, ya tarar da sabon babur ɗin Kawu a gindin itacen bedi, makulli a jiki. Ya ɗaure akuyarsa a baya, ya buga, ya yi gaba.

Da la'asar sai ga jakina yana jan amalanke. Babur kwance a kai, ƙafar gaba ta lanƙwashe, dattijo da akuya zaune lafiya lau.

Kawu ya dafe kai. "Innalillahi! Babur ɗina!"

Dattijo ya ce, "Naka, Malam? Ashe akwai naka?"

Kafin magariba tarayya ta watse. Na ja jakina gida, na zuba masa dusa har ya bari.

Ban san yadda Yahudawan nan suka yi tasu ta ɗore ba. Amma tun ran nan, duk wanda ya ce mini a haɗa komai, sai in ce ya fara ajiye makullin babur ɗinsa.