Fuskar Baffa Sambo

Rana ta farko: Kazaure, Roni, Gwiwa

Na fito daga gidana a Kazaure ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, da kyamara a cikin jaka. Shekarata hamsin, ashirin da huɗu daga ciki ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, ɗaukar hoto kuwa sha'awa ce da na tsinta da girma. Abin da ya fitar da ni wasu hotuna ne da na gani a intanet, na Turawa bisa dawaki suna ware saniya ɗaya daga garke. Da na nuna wa abokin aikina Malam Isiyaku, sai ya yi dariya, ya ce surukinsa Baffa Sambo yana yin wannan a bayan Gwiwa tun ba a haife mu ba.

Motar Roni ta cika ƙarfe shida da kwata. Shingen 'yan sanda ɗaya muka tarar, aka leƙa, aka ɗaga mana hannu. Bakwai saura na isa gidan Malam Isiyaku a Roni, aka kawo koko da ƙosai a zaure. Muna ci, matarsa Hajara, 'yar Baffa Sambo, ta gaishe ni ta bayan labule.

"Malam, alfarma ɗaya nake nema. Ba mu da hoton Baffa sai na katin zaɓe, shi ma kamar an kamo shi da laifi. Ka ɗauko mana shi tare da dokinsa, fuskarsa ta fito sosai."

Mijinta ya ƙara da cewa bana ce hawan ƙarshe. Gwiwoyin tsohon sun gaji, harawa ta yi tsada, an riga an sayar da dokin, gobe mai shi zai zo ɗauka.

Na ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne." Da bakina na faɗa.

Daga Roni na hau acaɓa. Ɗan acaɓan ya dubi jakata ya ce, "Yallaɓai ɗan jarida ne?" Na ce malamin makaranta ne. Ya ce, "To riƙe ta da kyau, hanyar nan ba ta yi boko ba." Mun ratsa Gwiwa ƙarfe goma sha ɗaya, muka bar kwalta, muka bi burtali tsakanin gonakin da aka girbe har kusan minti arba'in.

Baffa Sambo dogo ne, siriri, ya haura saba'in. Ya sa aka dama mini fura da nono, sannan ya bayyana mini al'adar. Da damina gidaje biyar suke haɗa shanunsu a kai su nesa da gonaki. In an yi girbi sun dawo, sai a raba wa kowa nasa. Ranar rabon, masu dawaki sukan gwada juna: a nuna wa mutum karsana a tsakiyar garke, ya fitar da ita ba tare da sauran sun watse ba. Babu kyauta, sai dai a shekara ana zancen. Dawaki uku suka rage a yankin. Na kwana a bukkar baƙi, bayan tuwon dawa da miyar kuka da man shanu.

Rana ta biyu: Ruga

Ƙarfe bakwai da minti goma aka ce Baffa yana kirana. Na tarar da shi tsaye cikin farar babbar riga mai layin guga, da rawani. An wanke dokin, bidi ne mai ruwan toka, an ɗaura masa jan linzami. Tsohon ya riƙe ragama, ya dafa wuyan dokin, ya miƙe ƙyam yana kallona.

"To, Malam, bismilla."

Na duba ta madubin kyamara. Rana tana bayansa, hasken bai yi mini ba. Da na ce ya juya, da magana ta ƙare cikin minti ɗaya. Amma dole in faɗi gaskiya: ba haske ne ya hana ni ba. Na daɗe da raina irin wannan hoto na a-tsaya-a-ƙame, ina ganinsa aikin masu hoton biki da katin shaida. Ni motsi na zo nema.

Na ce, "Baffa, a bari sai an gama. Lokacin haske zai fi kyau."

Ya dube ni. Ya ce, "Kai ka san aikinka." Ya shiga ya tuɓe rigar, ya fito da tsohuwar taguwa da malfa ɗaure a haɓa.

An fara takwas da rabi. Na kwanta rub da ciki a gefen fili, kamar yadda na karanta cewa ƙwararru suna yi, domin ƙafafun doki da idon saniya su cika hoto. Mahayi na farko ya shiga da gudu, garken ya tarwatse, aka yi masa ihu. Na biyu ya fitar da tasa, amma da wasu biyu a bayanta. Baffa ya shiga a hankali kamar mai zuwa gaisuwa, shanun suna buɗa masa hanya. Ya saki linzami. Karsanar ta yi hagu, bidin ya riga ta. Ta yi dama, ya durƙusa har ƙirjinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya tare. Sau huɗu tana neman komawa, sau huɗu yana rufe mata hanya, har ta haƙura ta fita ita kaɗai. Wani dattijo kusa da ni ya ce, "Shi ke nan. Duk wanda bai gani yau ba, sai labari."

Na koma gindin gawo ina duba abin da na ɗauka, ina yaba wa kaina. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Ƙarar mota ce ta sa na ɗaga kai, na hangi a-kori-kura tana fita da bidin a baya. Dillalin da ya saya ya zo daga Babura tun safe, ya ga aikin dokin da idonsa, bai ga dalilin jira ba.

Na sami Baffa zaune a kan turmi, da jan linzamin a cinyarsa.

"Baffa, ko za a mayar da rigar, in ɗauka?"

"Ka ɗauki me?"

"Ku ɗin."

"Tsoho a ƙasa? Akwai shi a katin zaɓe." Bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi ko na ci abinci.

Rana ta uku: Babura

Na kwana a Kazaure, na sake fita shida na safe ta Dambatta, don bin sawun dokin. Bas ɗin ta tsaya sau uku ana ɗaura buhuna, muka isa Babura goma da rabi. A hanya na tsara wa kaina dabara: in ɗauki dokin a tsaye, in nemi wani hoton Baffa daga baya, in haɗa su a kwamfuta. Ban tsaya na tambayi kaina sunan wannan aiki ba, domin na san sunansa.

Wani mai shayi ya nuna mini gidan dillalin, Alhaji Ɗanlami. Mutum ne mai ƙiba da fara'a. Bidin yana ɗaure a turke, an riga an aske masa geza, an sa masa lalle a ƙafafu. Alhaji ya ce wani mai sukuwa daga Nijar zai karɓe shi da yamma, da sefa ma zai biya.

Na ce, "Ai ba dokin tsere ba ne, Alhaji. Shanu ya sani."

"Zai manta, Malam. Doki ne." Ya gyara hula. "Tunda ka zo da abin, ɗauke mu mana. Kowane doki na sayar sai na ajiye hotonsa."

Ya riƙe ragama, ya dafa wuyan dokin, ya miƙe ƙyam. Rana tana bayansa. Na ce ya ɗan juya, ya juya. Na danna. Abin bai kai minti ɗaya ba.

Na ci shinkafa da wake a tasha ba tare da na ji ɗanɗanonta ba. Dabarar kwamfuta kuwa a can na bar ta.

Rana ta huɗu: Roni, gida

Na isa gidan Malam Isiyaku bayan azahar, na miƙa kyamarar, ya kai wa Hajara bayan labule. Ina jin ƙarar maɓalli tana wuce hotunan ɗaya bayan ɗaya. Sun fi ɗari uku. Kofato, ƙirjin doki, idon karsana, gindin malfa, bayan taguwa.

"Wannan bayansa ne," in ji ta. Can kuma, "Wannan hannunsa ne, na gane zoben."

Mijinta ya ce, "Amma fa sun yi kyau, Malam."

Sun yi kyau. Ban taɓa ɗaukar waɗanda suka kai su ba, kuma wannan bai rage mini komai ba.

Sai ƙarar maɓallin ta tsaya. Na ji muryar Hajara.

"Ga bidi ya fito sosai. Malam, wane ne wannan?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Allah sarki. Shi kam fuskarsa ta fito." Ta turo kyamarar ta ƙarƙashin labule. "An gode, Malam. Allah ya huta gajiya."

Na shiga Kazaure ana kiran la'asar. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Malam Isiyaku da iyalinsa, da ɗan acaɓan da ya bi burtali da ni bai yi ƙorafi ba. Ina gode wa Baffa Sambo, wanda ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Idi, ya tsaya a gabana da dokinsa, ya kuma yarda da ni da na ce masa sai an jima.